Fiyano Mai 'Yan Amshi: Wanne Ya Dace Da Kiɗanmu Da Aljihunmu?



An nemi in yi magana a kan na'urar kiɗan nan ta lantarki wadda mu ke kira fiyano, in kwatanta ire-irenta ta fuskar sauti da aiki da kuɗi. Ba dukkan fiyano zan taɓa ba. Wanda na ke nufi shi ne irin wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa, hannunsa na dama yana jan waƙa, na hagu kuwa yana danne sauti uku ko huɗu, sai na'urar ta ɗauki wannan ta tayar da ganguna da garaya da busa, ta riƙa binsa duk inda ya juya. Tana da mabuɗin kiɗa, da sauye-sauye, da ɗaurin ƙarshe. Wannan shiryayyen rakiya shi za mu kira salo, ita kuma na'urar mu kira ta fiyano mai 'yan amshi, domin aikin da makaɗa shida ke yi a bayan mawaƙi shi ta ɗauke.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun a 1978 Mamman Sani na ƙasar Nijar ya ɗauki kiɗe-kiɗensa a kaset da wata molon lantarki ƙirar Orla ta Italiya, har gidajen rediyo da talabijin na can su ka daɗe suna amfani da su. A Kano kuwa, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sannu a hankali fiyanon Yamaha na jerin PSR ya zama makaɗin masana'antar fim, kuma ya zuwa 1999, lokacin da waƙar Sangaya ta cika gari, magana ta ƙare. Daga nan ya shiga biki, ya shiga siyasa, ya shiga har majalisin bege, inda malamai su ka yi ta muhawara a kansa.

Kamfanonin da su ka riƙe kasuwar ba su da yawa. Yamaha da Korg su ne manya. Casio na riƙe da ɓangaren masu araha. Roland, wanda ya yi tashe da E-20 a 1988, ya rage himma a wannan fanni, ko da ya ke E-A7 ɗinsa na 2015 yana hannun mutane. Akwai kuma Ketron na Italiya, mai ganguna kamar na gaske, sai dai samunsa a nan wuya, samun mai gyaransa ya fi wuya.

Mu fara da sauti, domin a nan ne mai saye ya fi ruɗuwa. Ɗan kasuwa zai ce maka Yamaha PSR-E373 yana da murya 622 da salo 205, Genos2 kuwa, wanda ya fito a 2023, muryoyinsa sun haura 1,900. Gaskiya ne. Amma ka tambayi duk wani makaɗi mai aiki murya nawa ya ke taɓawa a dare ɗaya, da ƙyar za ta kai goma sha biyar. Sauran na raye-rayen Turai ne da na kudancin Amurka, waɗanda aka ƙera na'urar dominsu. A kunnena, sautin Yamaha a wanke ya ke, tas, kamar wanda aka riga aka tace a situdiyo. Sarewarsa da jitarsa suna da daɗi ƙwarai. Na Korg ya fi kauri, gangunansa sun fi dukan ƙirji, kamar makaɗan na tsaye a gabanka. Casio ya yi babban yunƙuri a 2018 da jerin CT-X, har mutum ya yi mamakin abin da ke fita daga na'ura mai wannan farashi. Wannan ra'ayin kunne ne, kowa kuma da nasa.

Tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce: na'urar nan tana iya maganar kalangu? Ku tuna yadda kalangu ya ke. Makaɗi na matse tsarkiyoyinsa a hammata, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka ya ke bin hawa da saukar harshen Hausa har mai sauraro ya ji kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. Abin da ya riƙe waƙar Alhaji Mamman Shata ke nan shekara da shekaru. Gangar da ke cikin fiyano kuwa bugu ɗaya aka ɗauka aka ajiye, duk sanda ka danna shi zai dawo maka, ba ƙari ba ragi. Haka kukuma da goge, waɗanda daɗinsu na cikin zamewar yatsa tsakanin sauti da sauti, alhali fiyano ya yanka tsaninsa gida goma sha biyu daidai wa daida. Saboda haka abu na farko da zan duba a jikin kowace na'ura shi ne 'yar tayar nan ta gefen hagu mai lanƙwasa murya. E373 ba shi da ita, E473 na da ita. Wannan 'yar taya ta fi mini murya ɗari biyar.

Abu na biyu, wurin ajiyar sautinka na kanka. Manyan na'urorin suna karɓar samfur, watau ka ɗauki muryar kalangu ko gurmi ko kuntigi na gaske, bugu daban-daban, ka zuba a ciki. PSR-SX600 yana da wuri na megabait 100, SX700 na da 400, SX900 kuwa gigabait ɗaya. Korg Pa700 na da 256. Amma girman rumbu ba shi kaɗai ba ne. A Yamaha sai ka bi ta kwamfuta da manhajar kamfanin kafin ka shirya sautin; a Korg kana iya yanka shi, ka daidaita shi a jikin na'urar kanta. Wannan na cikin dalilan da su ka sa makaɗan Larabawa da Turkawa su ka rungumi Korg, domin su ma kiɗansu bai zo a cikin kwali ba, su su ka gina shi da hannunsu. Kamfanonin sun ga kasuwa, su ka bi su: Yamaha ya fitar da PSR-A5000 a 2021 mai maɓallan sauya tsani domin kiɗan Gabas ta Tsakiya, ya kuma yi wa Indiya PSR-I500 mai tabla a ciki. Mu da mu ka shekara talatin muna sayen kayansu, har yanzu aro mu ke yi daga gangar wasu, mu ce ta yi kama da tamu.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Kaso mai yawa na kuɗin irin wannan na'ura yana tafiya ne a kan gwanintarta ta gane haɗe-haɗen sautin da hannun hagu ke sauyawa, domin kiɗan Turawa a kan wannan sauyi ya ke tafiya. Namu na gargajiya bai dogara da shi ba. A kan kari da amshi da maganar ganga ya ke tsaye. Ashe ke nan mai waƙar Hausa da ya sayi mafi tsada ya biya kuɗin doki, ya ɗaure shi a turke.

Yanzu ga batun aljihu. E373 da takwarorinsa na Casio an sayar da su wajen dala 200. SX600 an sayar da shi wajen dala 1,000, Pa700 ya ɗara haka. Genos2 ya haura dala 5,000, Korg Pa5X na 2022 shi ma yana can sama. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, a shekarar kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Ku yi lissafi: na'urar dala 1,000 ta cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ashirin da ɗaya, bai ci ba bai sha ba. Wanda zai fitar da irin wannan kuɗi ya kamata ya tambayi abin da takardar talla ba ta faɗa. In ƙurar hunturu ta shiga ƙarƙashin maɓallai, robar da ke ciki ta daina ji, wa zai canza ta a Kano ko Kaduna? In janareta ya yi tsalle ya ƙona allon ciki, ina za a sami wani? A nan Yamaha ya yi wa saura fintinkau a ƙasarmu, domin yawansa ya sa masu gyara sun san cikinsa, kayan gyaransa na samuwa, in ka tashi sayarwa akwai mai saye, kuma salon da makaɗa su ka ƙirƙira yana yawo daga filashi zuwa filashi. Illar hakan ita ce waƙoƙi ɗari su fito da ganga ɗaya, har ka kasa bambanta ta biki da ta kamfe.

Kada kuma a raina ƙaramar na'ura. Casio MT-40 na 1981 kusan abin wasan yara ne, amma wani salo guda da ke cikinsa shi Wayne Smith ya hau a Jamaika a 1985, ya juya akalar kiɗan rege baki ɗaya.

To, in an matsa mini in zaɓa, ga yadda na gani. Ɗalibi mai koyo ya nemi ƙarami mai maɓalli 61, wanda ke jin nauyin yatsa, mai 'yar taya, mai cin batir, domin ranar da ba wuta. Mai zuwa biki da taro ya tsaya a tsakiya: SX600 ko na sama da shi in yana son kwanciyar hankali wajen gyara, Pa700 in yana da haƙurin zama ya gina kalangunsa da kansa, kuma ni nan zuciyata ta fi karkata. Mai situdiyo kuwa, tun da aikin ya koma kwamfuta, kuɗin Genos2 zai saya masa kwamfuta da makirfo mai kyau, ya kuma rage abin da zai biya makaɗin kalangu na gaske ya zo ya buga.

Wanda zai sayi na hannu, ya je da lasifikar kunne, ya danna maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya a hankali sa'an nan da ƙarfi, ya bar na'urar a kunne rabin sa'a ya ga ko za ta ɗauke. Ya tabbata adaftar ta asali ce, ya kuma ware kuɗin sitabilaiza da mayafin rufewa tun kafin a yi ciniki.

Shugaba, na ga an ɗaga mini hannu lokaci ya yi.