Hoton Sarauniya: Wa Ake Zanawa, Wa Ake Mantawa?

Yau daga Kurugu nake magana, ina gaishe da 'yan Karaye da Rogo.

Mu fara daga Faransa. A ƙarni na 18 an yi wani salon zane da ake kira Rokoko: launuka masu taushi, siliki, furanni, ado kamar na amarya ranar kamu. A 1756 mai zane François Boucher ya zana Madam Pompadour, macen da ta fi kowa faɗa a ji a fadar Sarki Louis na 15, tana kishingiɗe, littafi a hannunta. Wannan littafin fa ba banza aka sa shi ba. So take duniya ta ce ita mai ilimi ce. Hoton yana nan a birnin Munich na Jamus har yau.

To, mu dawo gida. An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1793. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Waccan an zana ta riƙe da littafi, ita kuwa littattafan ta rubuta, kuma ba wanda ya zana fuskarta. Sarauniya Amina ta Zazzau ma, duk hotonta da kuke turawa a WhatsApp hasashen masu zane na baya-bayan nan ne.

Abin lura shi ne, ajiye fuska tun da can gata ne na masu kuɗi da mulki. Yanzu kuwa kyamara tana aljihun kowa. Amma wa muke ɗauka? Kanmu, da shagalin biki.

Ina ungozomar da ta yanke wa rabin unguwarku cibi? Ina gwaggon da ta yi shekara talatin tana koyar da 'yan mata karatun allo a tsakar gida? Hotunansu na cikin tsohuwar adaka, gara tana ci, in ma akwai.

Aikin wannan makon: ka je wurin kakarka, ki je wurin innarki. Ku nemi izini tukuna, ku ɗauki hoto, ku naɗi muryarta, ku rubuta cikakken sunanta da garin da aka haife ta. Ba dole sai an ɗora a Facebook ba, a ajiye wa jikoki.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.