Yadda Kwamfuta Ke Gane Mai Aiki Da Ita

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Gaya da Ajingi

Magana ɗaya ce ta kawo ni gabanku yau, watau yadda kwamfuta ke gane wanda ya zauna gabanta. Ya wajaba ku san wannan, gama takardun shaida da na gonaki, waɗanda dā ake rubutawa da alƙalami, yanzu sun fara komawa cikinta.

Dattawan cikinku sun tuna littafin haraji, kafin a soke harajin a Jihar Kano zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya hau mulki cikin 1979. A ƙauye guda sai a sami masu suna Muhammadu fiye da a ƙirga da yatsu. Saboda haka malamin haraji ba ya dogara ga suna kaɗai, sai ya haɗa da sunan uba, da unguwa, da lambar rasit. Dabarar ke nan da hukumar katin ɗan ƙasa, wadda aka kafa cikin 2007, take bi, kowa da tasa lamba mai alƙaluma 11. To, haka kwamfuta take. Suna don mutane aka sa shi, ita kuwa lamba take dubawa.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai sarrafa ta. Biyu za mu ambata: Windows, da kuma Linux, wadda ta bi tsarin Unix da aka ƙago a Amurka cikin 1969. A kowaccensu, mai aiki sai an buɗe masa asusu, watau an shigar da shi cikin rajistar na'urar.

A Linux rajistar nan fayil ne mai suna passwd. Kowane mutum layi guda, layin kuwa an raba shi gida bakwai. Cikinsu akwai sunansa, da lambarsa, da lambar ƙungiyarsa, da wurin ajiyar takardunsa. Lamba 0 ta mai cikakken iko ce, ba ƙofar da ke rufe gare shi. Ma'aikata kuwa galibi daga 1000 ake fara ba su. A Windows lambar doguwa ce, tana farawa da S-1-5-21, ta shugaban na'ura kuma da 500 take ƙarewa. Duk takardar da aka rubuta, sai na'ura ta liƙa mata lambar mai ita.

Sai maganar kalmar sirri, wadda ita ce mabuɗin asusu. Ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta. Na'ura tana niƙa ta da lissafi, kamar yadda ake niƙa gero, sa'an nan ta ɓoye garin wuri dabam. In mutum ya zo shiga, sai ta niƙa abin da ya rubuta, ta gwada gari da gari. Gari ba ya komawa gero, amma ɓarawo yana iya cinkar kalma gajera, kamar sunan ɗanka ko na garinku.

Ga inda haɗarin yake. Idan malamai uku suna shiga da asusu guda, ranar da aka ga an sāke iyakar gonar wani, ko an ba baƙo takardar shaidar ɗan gari, na'ura lamba ɗaya za ta nuna. Sai mai gaskiya ya ɗauki laifin wani, Hakimi kuma ya rasa wanda zai tuhuma. Haka nan in an yi wa malami canji. A Windows, in an share asusunsa, ko da an buɗe wani da sunan nan, sabuwar lamba za a bayar, ba zai gaji ikon na farko ba. A Linux kuwa, in an ba sabon malami tsohuwar lamba, duk takardun na farko sun zama nasa, har da na asiri.

Saboda haka muna roƙonku abu huɗu:

1. Kowane malami a buɗe masa nasa asusu.
2. Kada a ba kowa aron kalmar sirri, ko da ɗan'uwa ne, kada kuma a rubuta ta a liƙa jikin tebur.
3. Asusun mai cikakken iko ya tsaya hannun amintacce guda wanda Hakimi ya sani, kada a yi aikin yau da kullum da shi.
4. Malamin da ya bar aiki a kulle asusunsa ran nan, kada a share sai an miƙa takardunsa ga magajinsa.

Ranku ya daɗe, ba Hakimin da ke barin hatiminsa a zaure don kowa ya buga. Asusun kwamfuta hatimi ne, a tsare shi kamar haka. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar talakawa, amin.