Jawabi Kan Tsare Kaji Da Kyanwar Rumbu Daga Namun Dawa



Kaza ita ce asusun talaka. Da ita ake sayen magani, da ita ake karɓar baƙo. Kyanwa kuwa ita ke gadin rumbu, ta hana ɓera ɓarnar hatsi. Gidan da ya rasa su ya yi hasara biyu.

Kowane maɓarnaci da lokacinsa. Shirwa da shaho da rana suke fyauce 'yan tsaki, musamman da rani sa'ad da fili ya yi fayau, babu maɓoya. Saboda haka a kife tsaki da kwando a inuwa har su yi ƙwari. Muzuru da dila sai dare ya yi. Tunku da guza da maciji kuwa ƙwai ke jawo su.

Maganinsu akurki mai ƙarfi. A ɗaga shi kamar ƙafa 3 daga ƙasa, a toshe kowace kafa, a sa wa tagar iska waya mai ƙananan idanu. A rufe kaji kafin magariba, a kwashe ƙwai kullum, a nome ciyawar da ke kewaye.

Ita kyanwa a ba ta abinci da maraice, domin kada yunwa ta kai ta daji. In naman dawa ya cije ta, a gaggauta sanar da malamin dabbobi, gama ciwon haukan kare yana kama kyanwa, daga ita kuma ya kama mutum.

Kada a zuba guba a gida. Kaji da kyanwa da yara su ne za su fara cinta.

Allah ya albarkaci kiwo, amin.