Jawabi Ga Masu Niyyar Ziyartar Birnin Kano



Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda tun 1929, amma yau mu mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi mota muke shiga zuwa Kano. Saboda haka mu yi sammako, kada dare ya riske mu a hanya, domin gudun 'yan bindiga.

In mun sauka lafiya, mu yi ciniki da mai A Daidaita Sahu kafin mu shiga. Mu fara da hawan Dutsen Dala da sanyin safiya, mu hango birni baki ɗaya. Daga nan sai Gidan Makama, da marinar Ƙofar Mata, da Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. A can mu kula da aljihunmu, mu taya kafin mu saya. In hanya ta rikice, mu tambayi dattawa, don matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.