SWITCH 2: NA'URAR BA LAIFI, AMMA KUƊIN GEM FA?

 Ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau Nintendo Switch 2 za mu taɓa. Tambayar da ke ta yawo ita ce, wai ta cancanci kuɗinta kuwa? Ba zan ja ku da nisa ba. Ni dai na'urar kanta ba ni da rigima da farashinta. Inda nake da magana shi ne kuɗin gem ɗin da ake sa mata, da wasu ƙananan kuɗaɗe da ba ka ganinsu sai ka riga ka shiga.

Ga wanda bai san ta ba, na'ura ce mai aiki biyu. Ka riƙe ta a hannu kamar babbar waya ka yi wasanka, ko ka zura ta a mazauninta hoton ya koma talabijin. Ta farko ta fito ranar 3 ga Maris 2017 a kan dala 300, kuma an sayar da sama da miliyan 150. Amma tun ranar da ta fito ba mai ƙarfi ba ce. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta, Tegra X1 ta kamfanin Nvidia, tun 2015 take kasuwa. Shi ya sa lokacin da aka kawo The Witcher 3 kanta a 2019 kowa ya yi mamaki, amma in ka riƙe a hannu hoton dishi-dishi yake, kamar kana hangen gari da hazon hunturu. Pokémon Scarlet da Violet kuwa na 2022, wanda ya buga ya san yadda suke jan ƙafa, mutanen da ke nesa suna motsi kamar 'yan tsana.

To ita ta biyun ta fito ranar 5 ga Yuni 2025, dala 450, ko dala 500 in an haɗa maka da Mario Kart World. Cikin kwana huɗu aka sayar da sama da miliyan uku da rabi. Allonta inci 7.9 ne, 1080p, ma'ajiyarta gig 256, RAM gig 12 inda tsohuwar ke da 4. Kuma za ka ji an ce 4K, an ce 120.

Nan ne nake so mu ɗan zauna, don a nan ake ruɗa mutane.

Abu biyu ne daban. Akwai kaifin hoto, wato yawan ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka ba ka hoton, shi ne wannan 720p, 1080p, 4K da kuke ji. Akwai kuma yawan hotunan da na'ura ke jefo maka cikin sakan ɗaya, 30 ko 60 ko 120. Na farko ido ke jin daɗinsa. Na biyu hannu ke jinsa. Ka danna maɓalli, motarka ta juya nan take ko sai ta yi tunani? Wannan shi ne. Kuma ƙarfin na'ura kamar tukunya ɗaya ce ake rabawa, in ka zuba wa kaifin hoto da yawa, santsin motsi ya samu kaɗan. Saboda haka 4K ɗin da 120 ɗin ba sa zuwa tare. 4K a talabijin kawai ake samu, kuma iyakarsa 60. Sannan ma ba kowane gem ke kai wa can ba, manyan gem masu nauyi ba su ma kusa.

In ka tambaye ni, gem da ya tsaya cak a 30 ya fi mini wanda ke tsalle tsakanin 60 da 40 da 50. Wannan hawa da saukar shi ke gajiyar da ido, shi ke sa ka sha duka a gem ɗin faɗa ka rasa dalili. Switch 2 tana da wata fasaha, VRR, da ke sa allo ya bi saurin gem ɗin don ɓoye wannan tangal-tangal. Sai dai a hannu kawai take aiki, ba ta aiki in ka haɗa da talabijin. Wannan kam gibi ne.

Bari in ba ku misali da Cyberpunk 2077, don shi ne ya fi nuna abin da na'urar za ta iya. Kun tuna a Disamban 2020 gem ɗin nan ya yi wa PS4 nauyi har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet? Ƙarin labarinsa ma, Phantom Liberty, ba a kai shi PS4 ba sam. To yau ga shi duka a abin da za ka jefa cikin jaka. Kana da zaɓi biyu, ko hoto mai kyau a 30, ko ka rage kyau ka samu 40. Wani zai ce 40 kuma? Ai bai kai 60 ba. Ku yi lissafi. A 30, kowane hoto yana zama kusan kashi 33 cikin dubu na sakan kafin na gaba ya zo. A 60, kusan 17. A 40 kuwa, 25. Ka ga 25 ɗin nan tsakiya take daidai. Kuma da yake allon yana iya sabunta kansa sau 120 a sakan, 40 ta shiga 120 sau uku cif, babu saura. Shi ya sa a hannu ake jin santsinsa fiye da yadda lambar ta nuna. A talabijin kuma sai taka tana ɗaukar 120 kafin ka mori wannan.

Dabarar da ta ɗauki nauyin duk wannan ita ce DLSS. A taƙaice, na'urar tana zana hoton ƙarami, sai wani ɓangare na ƙwaƙwalwarta ya cike guraben ta hanyar duba hotunan da suka gabata, ya faɗaɗa shi ya yi kamar babba. In abubuwa suna tsaye, wallahi da wuya ka gane. In mota ta fara gudu ko kyamara ta juya da sauri, sai ka ga ɗan birkicewa a gefen abubuwa. A allon hannu ido na yafewa. A talabijin mai inci 55 kuwa asiri na tonuwa. Motoci da mutanen kan titi ma ba su kai yawan na PS5 ba, kuma a wuraren cunkoso gem ɗin yana ɗan numfashi sama-sama.

Kada kuma a ga laifinta da yawa. PS5 tana jan wuta kusan wat 200 daga bango. Ita wannan a hannu kusan wat 10 take rayuwa da shi, daga batir. Nintendo da kansu sun ce batirin awa 2 ne zuwa 6 da rabi, ya danganta da gem. In Cyberpunk ne ko Mario Kart World, ka sa ranka a ƙasa-ƙasan lissafin. Ga mu da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, abin hannu ni'ima ne, amma awa biyu ba ta kai ka ko'ina ba, sai da fawa bank mai ƙarfi a gefe.

Allon kuma LCD ne. Wanda ya saba da Switch OLED ta 2021 zai ga baƙin nan bai yi baƙi ba, ya koma toka-toka. Girma da kaifi sun ƙaru, launi ya ɗan ja baya.

Yanzu mu zo kan kuɗi.

Mario Kart World shi kaɗai dala 80. A Turai ma, na kati yuro 90. A 2023 da aka sa wa Zelda: Tears of the Kingdom dala 70 an yi ta surutu, shekara biyu kacal sai ga 80. Gem ɗin yana da kyau, ban musa ba, mutum 24 a tsere ɗaya, yana tafiya a 60 lafiya lau. Amma ku san halin Nintendo, ba sa rage farashi. Mario Kart 8 Deluxe tun 2017 yake, shekara takwas bayan nan yana nan a dala 60 ɗinsa. Saboda haka dabarar nan ta "bari in jira ya sauka" ba ta cika ci a wajensu ba. Donkey Kong Bananza da ya fito a Yulin 2025 dala 70 ne. Hatta Welcome Tour, wanda aikinsa kawai ya zagaya da kai ya nuna maka yadda na'urar take, sai ka biya dala 10. Haba jama'a! PS5 ta zo da Astro's Playroom kyauta a ciki.

Na wasu kamfanonin ya fi ci mini rai. Cyberpunk ya zo a dala 70. Gem ɗin da a kwamfuta da PS5 ake yawan karya farashinsa, kuma can ya fi kyau. Wato ka biya fiye, ka samu hoto ƙasa. Abin da ka saya da ƙarin shi ne damar bugawa a kwance a gado ko a cikin mota. In wannan ne buƙatarka, to ba a cuce ka ba. In kuwa kullum a mazauni za ka ajiye ta gaban talabijin, kuma kana da PS5 a ɗakin, kuɗinka ka zubar.

Amma in yaba musu a wani wuri, CD Projekt sun saka gem ɗin gaba ɗaya a kati mai gig 64. Ka saya, ka zura, ka fara. Wasu kamfanonin ba haka suka yi ba. Akwai sabon abu da ake kira Game-Key Card. Kwali ne, da kati a ciki, komai kamar na gaske, sai dai babu gem a katin. Makulli ne kawai. In ka zura shi sai na'urar ta ce ka hau intanet ka sauke gem ɗin duka, kuma bayan ka sauke dole katin ya kasance a ciki kafin ka buga. Street Fighter 6 haka yake, Star Wars Outlaws ma haka. Ga wanda ke Tokyo da intanet mara iyaka, wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke Kano ko Damagaram yana ƙirga gig, wannan farashi ne na biyu. Kuma gig 256 ɗin nan, manyan gem kaɗan ne za su cinye ta. Ka ce bari ka sa tsohon memorinka? Ba zai yi ba. Sai microSD Express, wanda ya fi na yau da kullum tsada. Alherin da ke ciki ɗaya ne, katin ba a ɗaure yake da asusunka ba, kana iya sayar da shi ko ka ara wa aboki. Ku riƙa duba ƙasan kwalin ta gaba, akwai farin layi da ke nuna irin wannan katin ne.

Inda na ga an yi adalci shi ne tsofaffin gem. Yawancin na Switch ta farko suna aiki a kan sabuwar. Pokémon Scarlet da Violet ɗin da muka yi wa dariya an gyara su kyauta, yanzu suna gudu a 60. Zelda biyun, Breath of the Wild da Tears of the Kingdom, dala 10 kowanne ka ɗaga su daga 30 zuwa 60 da hoto mai kaifi. Wanda ya tara katuna tun da, shi ya fi kowa cin riba.

Wani abin lura, a Japan an yi wa 'yan gida tasu ta musamman mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa kuma 69,980. Wato kamfanin ya san aljihun mutane ba ɗaya ba ne, ya dai zaɓi inda zai sassauta. In wani ya kawo maka Switch 2 da araha mai ban mamaki, ka fara tambaya ko ta Japan ce, kada ka kai gida ka tarar ba ka iya karanta ko layi ɗaya.

Mu kuwa, a ɗauka dala tana naira 1,500 don misali kawai. Na'ura, a farashin da ta fito da shi a 2025, naira 675,000, kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Gem ɗin dala 80 kuma naira 120,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Gem shida irin wannan sun wuce kuɗin na'urar.

Saboda haka kafin ka ciro kuɗi, ka rubuta gem uku da kake son bugawa da gaske. In Mario ne da Zelda da Donkey Kong, babu inda za ka same su sai nan, magana ta ƙare. In ƙwallo ce da manyan gem na wasu kamfanoni, ka nemi bidiyon yadda kowannensu ke gudu a hannu, ba tallan kamfani ba, ka ga ko yana tsayawa a 30 ɗinsa, sannan ka duba kwalin ko cikakken kati ne ko makulli.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora ta kusa da Steam Deck, wadda ta fito a 2022 a kan dala 400, mu ga wacce ta fi sauƙin riƙo bayan shekara ɗaya. Sai mun haɗu.