Littafin Bashin Inna Mai Tuwo (Rubutaccen shirinmu na wannan mako)

Waɗanda ba su samu sauraron shirin da murya ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau hirar tamu a gida take, wato Mandera, cikin ƙaramar hukumar Shagari, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da mu har zuwa Boɗinga. Magana ce kan Sallah, da taron dangi, da wata baiwar Allah da kowa ke cin tuwonta amma ba kasafai ake tunawa da ita ba in an zo rabon alheri.

Kun san yadda garuruwanmu suke. Da an gama girbi, samari da magidanta sai a ɗau jaka a tai cin-rani: wani Legas, wani Ibadan, wani Abuja, wani Fatakwal. Amma da an ce Sallah saura kwana uku, sai ka ga motoci na sauke mutane, kowa da ƙullin tsarabarsa. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Ko Alhaji Shehu Shagari, da ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983, da ya rasu a Disambar 2018, garin Shagari aka kawo shi aka rufe. Gida dai gida ne.

To, in an taru, ina ake haɗuwa? Gaisuwa dai a zaure ake yin ta. Amma hirar abokai, da lissafin kuɗin taron zumunci, da jiran wanda motarsa ba ta iso ba, duk a rumfar mai abinci ake yi. Kusan kowane gari yana da tasa. Ba zan ambaci suna ba, bari mu kira ta Inna, don haka muke ce mata. Benci biyu, tukunyar tuwon dawa, miyar kuka, shinkafa da wake, da safe kuma masa.

Ga inda gizo ke saƙar. Ranar Sallah da kwana biyun da ke biye, rumfar Inna cike take maƙil. Wanda ya gani daga nesa sai ya ce kakarta ta yanke saƙa. Alhali rabin masu cin nan 'yan uwa ne. Wannan ɗan ƙanenta ne, wancan abokin ɗanta ne, wancan kuma jikan maƙwabciya. An ci an sha, an ce, “Inna, Allah shi saka da alheri,” an kakkaɓe riga an tashi. Ita kuwa kunya ba ta barin ta ta ce a biya. Ni da kunnena na ji wata Inna na cewa, “Yaro, in na karɓi kuɗin ɗan ɗakina ranar Sallah, da wane ido zan dubi uwarsa?” Sai bayan Sallah ta koma wurin mai awo ta ɗauko dawa bashi. Kuma kowa ya san tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, daga kuɗin niƙa har na mota babu abin da bai tashi ba.

Wani zai ce, to mi ya yi zafi? Ai zumunci ne. Ɗan uwa, abin da ya yi zafi shi ne, in tukunyar Inna ta sauka, ba ita kaɗai za ta kwana da yunwa ba. Mu da muke zuwa kwana uku mu koma, ba mu san su wa ke cin abincin nan sauran kwanakin shekara ba. Akwai tsohon da 'ya'yansa duk sun tafi nema. Akwai ɗan ga-ruwa, da lebura, da almajirin da ke wanke kwanuka a ba shi ƙanzo. Akwai baƙon da rashin tsaro ya raba da garinsu. Yawancinsu bashi suke ci. Wata Innar tana da littafi, jikanta ke rubuta mata. Wata kuwa a ka take riƙe da lissafin. Ita ta san wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwan farko, ta san gidan da ba a hura wuta ba jiya. Babu wani kwamiti da ya fi ta sanin wannan.

Ban ce ba a alheri ba. Ana yi, wallahi. Ana fidda zakkar kono kafin a tai Idi, mudun Annabi huɗu kan kowane mutum. Ana rabon naman layya. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato na nata ƙoƙarin, ga kuma wuraren ciyar da masu azumi. Sai dai mafi yawan wannan alheri a 'yan kwanaki yake taruwa. Ranar layya har nama ya ishi mutum. Yunwar gaske kuwa sai tsakiyar damina take zuwa, wajen Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. A lokacin mu 'yan birni mun daɗe da komawa.

Don haka ga shawarata, abu uku ne kacal.

Na ɗaya, in ka ci, ka biya. Ko ta ce ka bar shi, ka ce, “Inna, wannan ba kuɗin tuwo ba ne, goron Sallah ne.” Ka ga ka rufa mata asiri, ka kuma kiyaye kunyarta.

Na biyu, a kuɗin da dangi ke tarawa ta WhatsApp don taron zumunci, kuɗin anko da hayar rumfa da kujeru, a ware wani kaso. A tura dattijo guda ya same ta a keɓe, ya tambayi jimillar bashin da take bi, a biya abin da ya sawwaƙa. Kada a nemi jin sunan kowa, kada a ɗauki hoto. Wanda aka biya wa ma ba sai ya san wa ya biya ba.

Na uku, a bar mata kuɗin kwano a gaba. A ƙasar Turkiyya akwai al'adar da mutum zai sayi burodi biyu, ya ɗauki ɗaya, ya bar ɗayan a rataye a shagon don mabuƙaci ya zo ya ɗauka ba tare da roƙo ba. Mu ma muna iyawa. A misali, in mutum goma suka ɗauki nauyin kwano uku-uku kowane wata, kwano talatin ke nan, wato an ciyar da mutum guda kullum har wata ya ƙare. Yanzu da ake tura kuɗi ta waya, nisa ba uzuri ba ne.

Ciyarwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan tamu. Nan kusa, a Sifawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Duk inda almajirai da baƙi suka taru haka, ai sai da masu ɗora tukunya. Kada mu zama inuwar giginya, na nesa ka sha: mu yi ta kyauta a birni, a gida kuwa mai ciyar da iyayenmu tana fama da bashin awo.

Wanda garinsu suka taɓa gwada irin wannan, ya rubuto mana a ƙasa yadda suka yi, mu ƙaru da juna. Wanda kuma zai tai gida Sallar bana, don Allah ya tura wa 'yan uwansa wannan kafin a gama lissafin taro.

Allah Shi kai mu Sallah lafiya, Shi maido matafiya gida lafiya, Shi sa albarka a tukunyar iyayenmu mata. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.