Ciwon Suga da Shanyewar Ɓarin Jiki: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekara

Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, da baƙinmu na Yendi, Salaga da Bawku, sannunku da zuwa Chereponi.

Kafin mu karanta lissafin kuɗi, akwai maganar da littafin gudummawa ya tilasta mana. Cikin 'yan'uwan da muka kai wa taimako saboda ɓarin jikinsu ya shanye, da yawa dama suna fama da ciwon suga. Likitoci sun tabbatar cewa mai irin sugan da ke kama manya, haɗarin shanyewar jiki gare shi ya kusa ninka na sauran mutane.

Ga yadda abin yake. Idan suga ya daɗe da yawa cikin jini, yana lalata jijiyoyin jini daga ciki. Kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntata. Ranar da gudan jini ya toshe ta, sashen ƙwaƙwalwar da take ciyarwa zai fara mutuwa cikin mintoci. Ƙananan jijiyoyi na can ciki kuwa a ɓoye suke toshewa, ba faɗuwa, ba ciwo. Sai dai a ga Alhajin da ke riƙe bashin mutum ashirin a ka ya fara rikita canjin sidi da sefa, mu ce tsufa ne. In hawan jini ya haɗu da suga, ɓarnar ta fi sauri.

Sana'armu ma ba ta taimaka ba: zaman mota, shayi mai kauri, lemon kwalba. Amma babbar matsalarmu magani ce. Muna ƙirga kaya sau uku kafin mu tsallaka zuwa Mango ko Sinkasi, ƙwayar kuwa tana gida. Tafiyar kwana uku ta zama goma. Mu riƙa ɗaukar na sati biyu, mu sabunta katin NHIS, mu auna suga da safe kafin karin kumallo. In ya kai 7, sai ganin likita.

Idan abokin tafiya bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. A riƙe lokacin da abin ya fara, a nufi asibiti mafi kusa nan take, domin wataƙila sai an wuce da shi Tamale a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Yanzu sai lissafi.